Rabon Wuta a Cikin Tukunyar Narka Alminiyum

Masana'antar narka alminiyum takan jera tukwanenta a layi guda, ɗari biyu, ɗari uku, wani wurin ma fiye da haka. Wutar lantarkin da ta shiga tukunyar farko ita ce dai take fita ta shiga ta biyu, ta wuce ta uku, har ta kai ta ƙarshe. Babu tukunyar da ake ba amfiya ɗaya fiye da maƙwabciyarta. Amma idan aka buɗe littafin aiki a ƙarshen shekara, sai a ga wata ta ba da ƙarfe ya fi na saura, wata ta sha lantarki ba ta biya kuɗinsa ba, wata ta shekara bakwai tana aiki lafiya lau, wata kuwa gindinta ya ɓule tun ba ta cika huɗu ba. Gari iri ɗaya ake zuba musu, hannu ɗaya ne ya gina su. Mafi yawan wannan bambanci daga wuri ɗaya yake tasowa, wato yadda wutar take rabuwa bayan ta shiga tukunyar.

Sai an san fasalin tukunyar kafin maganar ta fito fili. Hanyar ba ta sauya ba tun 1886, shekarar da Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa suka gano ta, kowa shi kaɗai, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa yake ciki. Daga ƙasar bokzit ake tace wani farin gari mai suna alumina, a narkar da shi cikin narkakken gishirin kirayolayit mai zafin kusan digiri 960. Ita tukunyar doguwar akwatin ƙarfe ce da aka shimfiɗe gindinta da tubalan kabon, su ne katod. Daga sama an rataye wasu manyan tubalan kabon jeri biyu, kowanne ya kai tan guda ko ya fi, bakinsu a tsome cikin gishirin, su ne anod. Wuta takan sauko ta anod ta ratsa gishiri ta raba garin gida biyu. Iskar oksijin ta kama kabon ɗin anod ta tashi sama, shi kuwa alminiyum ya kwanta a ƙasa narkakke, zurfinsa wajen santimita ashirin. Wutar ta ratsa shi, ta bi tubalan gindi, ta shiga sandunan baƙin ƙarfe da aka binne a cikinsu, ta fita ta gefe zuwa tukunya ta gaba.

Bolt huɗu da ɗoriya ne kacal a kan kowace tukunya, amma amfiya ta zamanin nan daga 300,000 take zuwa 600,000. Dokar Faraday ta yanke lissafin: kowace amfiya dubu ba za ta ba da fiye da kilo 8 da 'yan kai na alminiyum a yini ba, komai gwanintar mai aiki. A aikace kashi 90 zuwa 96 cikin ɗari na wannan ake samu, sauran kuwa ƙarfe ne da aka riga aka yi ya sake narkewa cikin gishiri, iskar anod ta mayar da shi gari. A ce tukunya mai amfiya 400,000 ce, tana ba da wajen tan uku a yini. Kashi ɗaya cikin ɗari da ya zube a nan kilo 32 ne. A layi mai tukwane 360, wannan ya haura tan 4,000 a shekara, kuma an biya kuɗin wutarsa.

Duk wannan lissafi a kan wata 'yar tazara yake rataye. Tsakanin ƙasan anod da fuskar narkakken ƙarfe santimita huɗu ne zuwa biyar, a wasu tukwanen ma ƙasa da haka. Gishirin da ke wannan tazara shi ne ya fi komai turjiya a hanyar wutar, don haka a nan ake asarar bolt mafi yawa, a nan kuma zafin da ke riƙe tukunyar yake fitowa. Kowane santimita guda yakan ci kusan sulusin bolt, wanda ya yi daidai da wajen kilowat-awa ɗaya a kan kowane kilo na ƙarfe, alhali jimillar abin da kilo ɗin yake ci 13 ne zuwa 15. Shi ya sa kowane mai masana'anta burinsa ya matse tazarar. Abin da ke hana shi kuwa rashin daidaiton rabon wuta ne. In wutar ba ta rabu daidai ba, ƙarfen ba ya kwanciya, in kuwa bai kwanta ba dole a ɗaga anod a ba shi fili.

Mu fara da sama, inda hannun ɗan Adam yake kaiwa kullum. A ce anod arba'in ne a tukunyar nan mai amfiya 400,000. Rabon kowanne 10,000 ke nan, amma babu wata na'ura da take auna masa rabonsa ta miƙa masa. Dukkansu a jikin sanda ɗaya suke maƙale, kowanne yana jan abin da hanyarsa ta ba shi. Mai ban ruwa a lambu ya san wannan: in bakin wani fangali ya fi faɗi ko ya fi gangara, shi zai sha har ya yi ambaliya, na kusa da shi suna nan da ƙishi, alhali ruwan da injin ya turo bai ragu ba. Anod ɗin da ya sauka ƙasa da 'yan'uwansa da santimita ɗaya zai ja wuta fiye da rabonsa, ya yi zafi, ya tsotse garin da ke ƙarƙashinsa da wuri. Wanda maƙallinsa bai ɗauru tamau ba, ko ƙarfen zubin da ya haɗa shi da sandarsa ya tsage, zai ja kaɗan, saura su ɗauki nauyinsa.

Akwai wani sauƙi da tukunyar take yi wa kanta. Anod cinyewa yake yi, wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, kuma wanda ya fi jan wuta shi ya fi saurin cinyewa. Da haka tazararsa take buɗewa har ya dawo sahu cikin 'yan kwanaki. Da za a bar tukunyar ba a taɓa ta ba, da ta daidaita kanta. To amma ba a barin ta, domin anod ba ya wuce mako uku zuwa huɗu sai an cire shi, ma'ana kusan kullum ko bayan kwana ɗaya akwai wanda ake sauyawa.

Sauyin anod shi ne girgiza mafi girma da tukunya take sha a rayuwarta ta yau da kullum, kuma a ganina nan ne ake gane masana'antar da ta san abin da take yi. Injin ɗaga kaya ya zo ta sama, ya fasa ɓawon da ya rufe gishirin, ya kwance maƙalli, ya zaro guntun tsohon anod ja wur, ƙasansa yana ɗigar gishiri. Ramin da ya bari sai an kwashe shi tas, domin duk ɓaraguzan ɓawon da suka faɗa ciki ko dai su nutse su zama laka a gindi, ko su maƙale a ƙasan sabon tubali. Sai a auna tsayin tsohon, a ja layi da alli a jikin sandar sabon, ko kuma injin ya auna da kansa a inda ake da irin wannan injin. Sabon tubalin da sanyinsa yake shiga. Nan take gishiri ya daskare a ƙasansa ya toshe hanyar wuta, ya ɗauki awoyi da yawa, wani lokaci kusan yini guda, kafin ya karɓi cikakken rabonsa. Duk tsawon wannan lokaci wutarsa a kan saura take, musamman maƙwabtansa na kusa. Saboda haka ake ɗan ɗaga sabon sama da sahu da santimita ɗaya ko biyu, don ya tarar da 'yan'uwansa a inda cinyewa za ta kai su lokacin da ya yi zafi. Saboda haka kuma ake tsara jerin sauyin a tsallake, yau wannan kusurwa gobe waccan, kada sanyi biyu su haɗu wuri guda. Ma'aikacin da ya ja allinsa a karkace da tsakar dare, don gajiya ko don ba wanda ya taɓa gaya masa abin da santimita ɗaya yake jawowa, ya ɗora wa tukunyar ciwon da za ta yi kwanaki tana jinya.

Ciwon da ba ya warkewa da kansa shi ne ƙaho. Ƙurar kabon da daskararren gishiri kan manne a ƙasan anod su yi tsiro, sauran fuskar tana cinyewa shi yana nan, har ya tsoma cikin narkakken ƙarfen. Daga nan wuta ta sami hanyar da babu gishiri a tsakani, ta kwarara ta wurin ba ta raba ko ƙwayar gari ɗaya ba. Zafi ne kawai take bari. Tukunyar ta ɗau zazzaɓi, ɓawon da ke kare bangonta ya fara narkewa, ƙarfe ya ragu, kuma zafin yakan haifi wasu ƙahonin a wasu anod ɗin.

Ta ɗaya gefen, anod ɗin da yake jan wuta fiye da kima yakan cinye garin da ke ƙarƙashinsa kafin na'urar zuba gari ta kawo wani. In gari ya yi ƙaranci ainun, wutar sai ta koma raba gishirin kansa, wata iska ta lulluɓe ƙasan anod ta hana wuta wucewa. Wutar ta tsallaka kan na kusa, shi ma ya kamu, nan da nan bolt ɗin tukunyar ya tashi daga huɗu zuwa ashirin, talatin ko fiye. Iskar da ake saki a wannan hali, ta haɗin kabon da fulorin, ta fi iskar kabon ta yau da kullum ɗumama duniya sau dubbai, kuma ɗaya daga cikin nau'o'inta takan yi shekara wajen 50,000 a sararin sama ba ta lalace ba. Daga baya an gano cewa abin yakan faru a ƙarƙashin anod ɗaya ko biyu kawai, iskar tana fita a hankali, bolt ɗin tukunyar bai motsa yadda ƙararrawa za ta kaɗa ba. A manyan tukwane masu anod da yawa wannan ya fi sauƙin ɓuya, don saura sukan raba nauyin wanda ya toshe ba a ji ba.

A nan ne babbar makantar sana'ar take. Kwamfutar da ke kula da tukunya, a yawancin masana'antu, abu biyu take gani: amfiyar layi da bolt ɗin tukunyar gaba ɗaya. Daga waɗannan take hasashen ko gari ya ragu, ko tazara ta buɗe. Anod arba'in, adadi ɗaya. In ɗaya yana jan 13,000 wani yana jan 7,000, jimilla dai daidai take. Tsohuwar dabara ita ce ma'aikaci ya zagaya da wani ƙarfe mai baki biyu, ya dafa shi a jikin sandar kowane anod, ya karanta ɗan bolt ɗin da ya faɗi tsakanin bakunan, ya rubuta. Dabara ce mai kyau, sai dai hoton minti ɗaya ne take ɗauka a cikin yini. Yanzu akwai na'urorin da ake maƙalawa su riƙa auna wutar kowane anod ba tsayawa, su nuna ƙaho tun yana ƙarami, su nuna sabon tubalin da aka ɗora a karkace tun a daren da aka ɗora shi. Wahalarsu ita ce su jure zafi da ƙura da maganaɗisu shekara da shekaru, a wuri dubbai a layi guda. Duk da tsadar, ina ganin masana'antar da take neman matse tazara ba tare da ta ga abin da kowane anod yake ja ba, caca take yi da tukwanenta.

Ƙasan tukunya kuwa ba a taɓa shi sai ranar da aka rushe. Wuta takan nemi gajeriyar hanya zuwa waje, kuma tun da sandunan gindi ta gefe suke fita, sai ta taru a ƙarshen tubalan kusa da bango ta bar tsakiya. Inda ta taru nan kabon yake saurin zaizayewa. Da masana'antu suka koma tubalan girafayit, masu sauƙin ratsawa da rage asarar bolt, sai taruwar ta ƙaru. In an buɗe tsohuwar tukunya irin wannan akan tarar da kwari biyu a gefe da gefe, tsakiya na nan da tudunta. Ranar da kwarin ya kai ga sandar baƙin ƙarfe, alminiyum ya fara cin ta, ɗakin gwaji ya ga baƙin ƙarfe yana hauhawa a samfurin da ake ɗiba, an san kwanan tukunyar ya ƙare. Maganin da ya fi karɓuwa shi ne a cusa jan ƙarfe a cikin sandar domin wutar da ta shiga daga tsakiya ma ta sami hanya mai sauƙi, a kuma rufe ƙarshen sandar na kusa da bango da abin da ba ya ɗaukar wuta. Laka a gindi da ɓawon bango da ya miƙo ƙafa har ƙarƙashin anod su ma sukan toshe wani yanki su tura wutar wani.

Duk lokacin da wurin da wuta ta shiga daga sama bai yi daidai da wurin da za ta fita a ƙasa ba, sai ta yi tafiyar kwance a cikin narkakken ƙarfen, wanda ya fi gishirin sauƙin ratsawa sau dubu goma da wani abu. Wannan tafiyar kwance ita ce ainihin abin tsoro, saboda maganaɗisu. Amfiya dubu ɗaruruwa suna haifar da ƙarfin maganaɗisun da ake ji a jikin kaya. A ɗakin tukwane ƙusoshi da makullai kan miƙe tsaye su manne da juna, agogon hannu ya rikice, katin banki ya goge, mai na'urar bugun zuciya kuwa ba a barin sa ya shiga sam. Idan wuta mai tafiya kwance ta haɗu da maganaɗisun da ke tsaye, sai su tunkuɗa ƙarfen gefe. Nauyin alminiyum narkakke 2.3 ne, na gishirin 2.1, bambancin bai taka kara ya karya ba, don haka fuskar da ke tsakaninsu ba ta da wuyar kaɗawa. Ƙarfe ya ɗan tasa a wata kusurwa, tazara ta matse a wurin, wuta ta ƙaru a wurin, ta bazu kwance, maganaɗisu ya sake tura ƙarfen gaba. Haka igiyar take zagaya tukunyar tana ciyar da kanta, kowane zagaye daƙiƙa gommai, har ta fara taɓa anod. Wani injiniya ɗan Norwe, Thorleif Sele, ya bayyana wannan a 1977, ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa da yawan amfiya da ƙarfin maganaɗisun tsaye, yana raguwa da faɗin tazara da zurfin ƙarfe. Kwamfuta in ta ji bolt yana rawa, abin da ta iya shi ne ta ɗaga anod. Igiyar ta lafa, kuɗin wuta ya hau.

Wannan ne ya sa zanen manyan sandunan da ke kai wuta daga tukunya zuwa tukunya ya zama sirrin da kamfanoni suke sayarwa da tsada. Tukwanen da, ƙanana, kai da kai ake jera su. Da amfiya ta yi yawa aka koma jera su gefe da gefe, wutar tana hawa ta wurare da dama a tsawon tukunyar maimakon ta ƙarshenta kawai. Ana bi da wasu sandunan ta ƙarƙashi, wasu ta kewaye, ana bambanta kaurinsu da tsawonsu da gangan domin sandunan gindi na ɓangaren nesa da na kusa su ja wuta daidai. Layin yakan juyo ya dawo ta ɗaki na biyu, wannan ɓangaren ma yana jefo nasa maganaɗisun, shi ya sa ake karkata zanen ko a kewaya layin da wata madauki mai ɗauke da wuta ta daban don ta soke shi. Da irin wannan lissafi kamfanin Pechiney na Faransa ya kai amfiya 180,000 a ƙarshen shekarun 1970, ya kai 300,000 a shekarun 1980. Yau ana da tukwane masu kusan 600,000 a Kanada da kuma Sin, ƙasar da take narka fiye da rabin alminiyum ɗin duniya.

Sandunan nan sau ɗaya ake shimfiɗa su, su yi shekara talatin ko arba'in. Shimfiɗar gindi takan yi biyar zuwa takwas. Ɗora anod kuwa aikin kowace rana ne. Abin da yake damuna shi ne yadda hankali yakan tafi ga na farko, mai tsada da suna, a yi sakaci da na ƙarshe, alhali zane komai kyansa a kan zaton cewa anod suna sahu ɗaya aka lissafa shi. Akwai kuma ɗabi'ar da ta zama ruwan dare, ta ƙara wa tsohon layi amfiya shekara bayan shekara don a sami ƙarin tan ba tare da sabon gini ba. Ana samun riba a ciki, ba musu. Amma ƙarin amfiya ƙarin zafi ne, kuma don a rage zafin sai an matse tazara, a daidai lokacin da maganaɗisu ya ƙara ƙarfi. Kuskuren santimita ɗaya da tukunyar take haɗiyewa a da, yanzu ba za ta haɗiye shi ba. Wanda ya ƙara wuta bai gyara sanduna ba, bai gyara horon ma'aikata ba, a gajeren ran tukwane zai biya.

Maganar ta shafe mu, domin yankinmu yana da irin waɗannan tukwane. Alucam a Edea ta Kamaru tana narka tun 1957 da wutar kogin Sanaga. Valco a Tema ta Gana ta fara a 1967 da wutar madatsar Akosombo, kuma sau da dama ƙarancin ruwa a madatsar ya sa ta kashe layuka. Alscon a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, wadda aka gina don tan 193,000 a shekara, ta fara a 1997 ta tsaya a 1999, kamfanin Rusal na Rasha ya karɓe ta a 2007, ta sake tsayawa a 2013. Tukunyar da wuta ta ɗauke mata na 'yan awoyi daskarewa take yi, kuma wadda ta daskare aka sake tayar da ita ba ta komawa yadda take, don tubalan gindinta sun tsattsage, rabon wutarta ya karkace tun daga ranar farko. Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da Ikot Abasi, samun gas da shari'ar mallakar masana'antar ake ambata, kuma dole a ambace su. Amma masu ɗora anod da masu auna sanduna da suka koyi aikin a can sun shekara fiye da goma ba su taɓa tukunya mai zafi ba. Duk wanda zai sa kuɗinsa a wannan masana'anta, ya sa horon waɗannan mutane da na'urorin auna wutar kowane anod a cikin kasafin farko, tun kafin a kunna tukunya ta ɗaya.